Littafin gyaran injin ƙanƙararmu

2 ga Maris

Yau na buɗe wannan littafi, domin na gaji da cewa "injin nan ba ya yi kamar da" alhali ban san nawa ya rage ba. Shekararsa huɗu a hannunmu. A da idan muka rufe da dare, kafin gari ya waye rumbun ya cika har injin ya tsaya da kansa. Kusan wata biyu ke nan da safe sai in tarar ƙanƙarar ko rabi ba ta kai ba, kafin la'asar mun ga ƙasan rumbu, sai an aika an sayo ta jaka. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce gas ne ya ƙare. Ban yarda ba, ban kuma musa ba. Na ce bari in fara da abin da zan iya aunawa da hannuna.

Injin irin mai fitar da ƙwayoyi ne, iska ce ke sanyaya shi. Ruwa yana shiga wani ɗan kwami a ƙasa, famfo ya tura shi sama, ya riƙa kwarara a kan farantin daskarewa mai 'yan ramuka yana komawa kwamin, a hankali ƙanƙara tana taruwa. Idan ta yi kauri har ruwan ya taɓa ɗan ƙarfen da ke jin kauri, sai injin ya buɗe bawul ɗin gas mai zafi, farantin ya yi ɗumi, faifan ƙanƙarar ya sulmiyo ya faɗa rumbu. Zagaye ɗaya ke nan.

Ni da ƙanena muka shimfiɗa babban tire a bakin rumbu, muka ajiye sikeli, na kunna agogon waya. Zagayen farko ban ƙirga shi ba, tunda injin bai daidaita ba tukuna. Uku na bayansa na ɗauki matsakaicinsu: daskarewa minti 31, saki minti 3, nauyin faifai kilo 1.9. Lissafin ba wuya: minti 1440 ne a kwana ɗaya, ka ninka da nauyin faifai, ka raba da tsawon zagaye. Kilo 80 ya ba ni. Allon bayanin da ke jikin injin kuwa 230 ya ce. Sai da na sake lissafin sau biyu.

Wani abu da na lura da shi: faifan ba ya cika. Akwai layi uku a tsaye, daga sama har ƙasa, da ƙwayoyinsu ke fitowa holoƙo, wasu ma babu. Na ɗauki hoto.

3 ga Maris

Na zauna da littafin injin, wanda tun da aka kawo shi yake cikin ledarsa. Ashe 230 ɗin nan ba alkawari ba ne ga kowane wuri. Adadi ne na lokacin da iskar ɗaki take digiri 21, ruwan da ke shiga kuma digiri 10. A ma'aunin ƙungiyar AHRI ta Amurka, wanda ake kwatanta injuna da shi, iska digiri 32 ce, ruwa 21, kuma a nan jadawalin littafin ya saukar da injinmu zuwa kilo 180.

Na auna namu. Iskar da ke shiga kwandensa, wato sashen da ke fitar da zafin injin waje, digiri 36, ruwa 29. Idan na bi jadawalin, abin da ya kamata in sa rai bai wuce 155 zuwa 165 ba. Wannan ya rage mini damuwa ta wani gefen, domin na daina bin abin da injin ba zai taɓa ba ni a ɗakin nan ba. Amma daga 80 zuwa 160 ninki biyu ne, kuma shi zan nemo.

Zafin ruwan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya daskare sai an cire masa kilojul 334, ban da wajen 4.2 na kowane digiri da za a sauke shi kafin ya kai sifili. Ruwa mai digiri 10 jimillarsa 376, mai 29 kuwa 455. Ƙarin aiki na kashi ɗaya cikin biyar ke nan a kan kowane faifai, tun ba a zo maganar lalacewar komai ba.

4 ga Maris

Ranar kwandensa. Na zare filogi, na cire murfin gefe, na zaro rariyar iska. Ba rariya na zaro ba, bargo ne: ƙura da maiƙo sun haɗu sun danƙare, na ɗaga ta ga fitila haske bai ratso ba. Na jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulu. Bayanta kuma haƙarƙarin kwandensar kansa ya toshe, na haska tocila ta baya na ga haske a gefe-gefe kawai. Na bi shi da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, yadda siraran ƙarafan suke a jere, domin idan ka goga a gicciye lanƙwashewa suke yi su ƙara tare iska. Daga nan na hura iska daga ciki zuwa waje. Ƙarafan suna da kaifi kamar reza, na yanke a ɗan yatsa kafin na tuna da safar hannu.

Aikin kwandensa shi ne ya watsar da zafin da aka ciro daga ruwa. Idan ya kasa, matsin gas a gefen zafi ya hau, kwamfaresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin, ta yi ta wahala tana tura kaɗan. Da na mayar da komai na sa hannu a bayan fanka, iskar da ke fita ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Daskarewa 27, saki 3, kilo 1.9. Ya koma 91. Awa biyu da sabulu ne abin da ya ci.

5 da 6 ga Maris

Ba gyara. Na auna sau ɗaya kowace rana, 90 da 92. Mun sayi ƙanƙara kamar kullum.

7 ga Maris

Injin yana manne da bango, sannan wani ya jera kwalaye a gefen da iska ke fita. Zafin da ya fitar shi yake sake shaƙa. Muka kwashe kwalayen, muka jawo shi gaba kamar santimita 20, na duba da awon ruwa cewa bai karkace ba, domin idan ya karkace ruwa ba ya bin farantin daidai. Iskar shiga ta sauka zuwa 34. Zagaye minti 28 da rabi, kilo 96.

10 ga Maris

Yau aka yi wankin ciki, kuma shi ne aikin da na fi jin kunyar jinkirta shi. Littafin ya ce a yi duk wata shida aƙalla. Mu rabonmu da shi ya fi shekara.

Na kwashe ƙanƙarar rumbu gaba ɗaya, na cire labulen ruwa da ke rataye a gaban faranti, da bututun da ke rarraba ruwa a saman faranti, da ɗan ƙarfen jin kauri, da kwamin. Bututun rarrabawa yana da jerin ƙananan huji. Na ƙirga bakwai da kantar gishirin ruwa ta toshe, fara fat kamar alli, kuma suna daidai da layukan nan uku da ke fitowa holoƙo a hoton ranar farko. Farantin da na ɗauka santsi gare shi, da na shafa da yatsa sai na ji kaushi. A ƙarƙashin kwami da bayan labule kuma akwai wani yauƙi mai ɗan ja. Shi ya fi tayar mini da hankali, saboda ƙanƙarar nan mutane ke sha.

Dalilin kantar a fili yake. Ruwan tsantsa ne ke daskarewa a faranti, gishirin da ke cikinsa ya koma kwami ya yi ta taruwa. Shi ya sa injin ke zubar da wani sashe na ruwan kwamin lokacin saki. Abin da ya rage shi ke mannewa. Idan ya manne a faranti ɓarna biyu yake yi: ya tare sanyi, ya kuma riƙe faifan ya hana shi sulmiyowa, sai ya tsaya yana narkewa a wurin. Minti ukun da saki ke ɗauka ke nan, da nauyin da muke rasawa.

Maganin wanki na nemo wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cin nikel. Farantin jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da nikel, idan ka zuba masa ruwan asid mai ƙarfi ko ka kankare shi da ƙarfe, lulluɓin ya ɓare, kuma faranti shi ne abu mafi tsada a injin. Na gauraya gwargwadon abin da kwalbar ta ce, na jiƙa sassan suna tsuwa suna kumfa, na bi hujin ɗaya bayan ɗaya da tsinke da buroshin haƙori. Na mayar da su, na sa injin a zagayen wanki. Na ɗauraye sosai kafin na zo ga maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙanena ya ce, "Yaya, me zai hana mu zuba su tare mu huta?" Na ce ko kusa. Asid da maganin da ke da kulorin idan suka haɗu hayaƙi mai guba suke fitarwa, a ƙaramin ɗaki kuma. Faifai biyu na farko bayan wanki na zubar.

Abin da ya ci: kwalbar maganin kanta ɗaya, ta kashe cuta ɗaya, da wuni guda ba ƙanƙara.

11 ga Maris

Faifan ya cika tun daga kusurwa har kusurwa, ƙwayoyin garau. Saki ya sauka daga minti 3 zuwa ɗaya da rabi, kana jin ƙarar faɗuwarsa gaba ɗaya. Daskarewa 24 da rabi, nauyi 2.2. Kilo 122.

13 ga Maris

Kuskurena ne wannan. Jiya da yamma na ga cewa tunda nauyi ne ya ɗaga lissafin, bari in ƙara kaurin faifan. Na juya sukurun ɗan ƙarfen jin kauri ya ja baya. Siririyar ƙanƙarar da ke haɗa ƙwayoyin, wadda littafin ya ce ta tsaya a milimita 3, ta koma wajen 6. Faifan ya kai kilo 2.5, na ji daɗi, har sai da na duba agogo: daskarewa 33, saki 2 da rabi. Kilo 101. Na yi asarar 21 a garin neman ƙari.

Da na yi tunani sai na ga dalili. Ƙanƙarar da ta riga ta kama faranti ita ce ke shiga tsakanin sanyi da ruwan da ke kwarara. Milimita na farko da sauri yake kamawa, na ƙarshe kuwa da ƙyar. Kowane ƙarin kauri ya fi wanda ya gabace shi cin lokaci.

Ban mayar da sukurun a daren ba, na ce sai da safe. Da safe na tarar da injin a tsaye, rumbu kusan wayam. Faifai mai kauri ya faɗo bai fashe ba, ya tokare labulen ruwa a buɗe. Shi kuwa injin, idan labule ya ƙi rufuwa ɗauka yake rumbu ya cika, sai ya tsaya. Dare guda cur ya tafi a banza. Na mayar da shi milimita 3, na auna da ruler, na sa ɗigon fenti a kan sukurun don in san wurinsa.

14 ga Maris

Na bi bututun ruwa daga inda ya shigo. Ashe yana ratsawa ta bayan injin, daidai inda iska mai zafi ke fita. Muka ɗaga shi muka zagaya da shi ta ɗaya gefen, muka naɗe shi da soso mai hana zafi. Ruwa ya koma 28. Zagaye minti 25, kilo 127.

Nan abin da na iya ya ƙare. Saura wajen kilo 35, kuma ban san inda suke ba.

16 ga Maris

Na kira mai gyara. Ban so ba, amma abokin aikina ya matsa, ni ma kuma na fara tunanin ko masu cewa gas ne suna da gaskiya. Mutumin ya zo, na miƙa masa littafin nan, ko kallo bai yi ba. Ya ɗaura agogon matsi, ya dube shi kamar minti ɗaya ana dab da ƙarshen daskarewa, ya ce gas ya yi ƙasa. Ya buɗe tukunya ya riƙa ƙarawa yana kallon allura. Na tambaye shi giram nawa ya zuba, ya ce shi da ido yake aiki. Na tambayi inda gas ɗin ya zurare, tunda ba ƙonewa yake yi kamar mai ba, ya ce haka injuna suke yi idan sun tsufa. Raina bai kwanta ba, amma na biya shi ya tafi.

17 da 18 ga Maris

Garin neman gira an rasa ido. Da rana ta yi zafi injin ya riƙa kashe kansa a tsakiyar daskarewa. In sake kunnawa, ya yi zagaye ɗaya ko biyu, ya sake mutuwa. Bututun da ke fita daga kwamfaresa ba ya taɓuwa don zafi, muryarta ma ta sauya, tana gurnani. Fitilar allon ta nuna cewa makarin matsi, wanda ke kashe injin idan matsin gas ya wuce iyaka, shi ne ke yanke wuta. Na kira mutumin sau huɗu bai ɗauka ba. Ranar 18 da hantsi na zare filogi gaba ɗaya. Gara in sayi ƙanƙara da in ƙona kwamfaresa.

Kwana biyu duk ƙanƙarar da muka yi aiki da ita saye muka yi. Ita ce asara mafi girma tun da aka fara, kuma da hannuna na buɗe mata ƙofa, domin tun a gabana na ga alamar aikin ba daidai ba ne na yi shiru.

20 ga Maris

An haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe a aikin injunan sanyi. Abu na farko da ya nema littafin nan ne. Ya zauna ya karanta shi tun daga ranar 2, ya tsaya a hoton faifan ranar 11 ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Malam, ku duba mana ko gas ɗin ne da gaske."

Ya ce, "Ɗana, faifan nan naka ya riga ya ba ka amsa. Injin da gas ya yi wa kaɗan, ƙanƙararsa kauri take yi a inda gas ke shiga faranti, ta sirance a inda yake fita. Naka ko'ina ɗaya ne. Kawo sikeli."

Ya bayyana mini cewa matsin gefen sanyi a injin ƙanƙara ba tsaye yake ba. Sama yake farawa lokacin da ruwa ke da ɗumi, ya riƙa sauka yayin da ƙanƙara ke kauri. Wanda ya duba sau ɗaya a ƙarshen zagaye dole ya ga ƙasa. Ga shi kuma ƙaramin inji ne, 'yan giram kaɗan ke raba daidai da wuce gona da iri.

Ya janye gas ɗin duka zuwa tukunyar ajiya, bai sake shi a iska ba, tukunyar tana kan sikeli. Allon injin ya ce R404A, giram 680. Abin da ya fito 940 ne. Ƙarin giram 260. Ya cika bututan da nitirojin ya bar su awa ɗaya, yana bin kowace mahaɗa da ruwan kumfa. Allura ba ta motsa ba, kumfa bai tashi ba. Babu inda ke yoyo, wato tun farko gas bai taɓa raguwa ba. Ya zuƙe iskar ciki har ma'aunin ragowar iska ya sauka maikiron 500, ya rufe ya ga ta tsaya, sannan ya zuba sabon gas giram 680 cif, a ruwansa, domin R404A gauraye ne na gas uku, idan aka ɗebe shi a tururi rabon gaurayen yana sauyawa. Tsohon bai mayar ba, ya ce bai san abin da wancan ya zuba ba.

Daskarewa 23, saki ɗaya da rabi, kilo 129. Mun dawo inda muke ranar 14. Kuɗin zuwa biyu da na gas, duk don mu koma gidan jiya. Ya ce gobe zai dawo, yana so ya zauna da injin zagaye guda ba tare da ya taɓa komai ba.

21 ga Maris

Ya zo, ya jawo kujera. Minti biyar da fara daskarewa ya sa hannu a bututun da ke fita daga bawul ɗin gas mai zafi, ya sa ni ma na taɓa. Ba zafi. Ya ce da bawul ɗin yana zurara da na ji shi da zafi. Wannan ya fita daga zargi.

Sai ya durƙusa ya zare tiyon magudana daga ramin ƙasa ya sa shi a kofi. Ruwa yana fita, siriri kamar zare, mai sanyi ƙarara, a tsakiyar daskarewa, lokacin da bai kamata ko ɗigo ya fita ba. Kofi mai mililita 250 ya cika a minti huɗu. Makonni uku ina zagaya injin nan ban taɓa duba tiyon ba, saboda bakinsa a cikin rami yake.

Abu biyu ke jawo haka: ko bawul ɗin zubar da ruwa ba ya rufuwa, ko na shigar ruwa. Ya duba kwamin, ruwan yana tsaye a bakin bututun ambaliya, bai sauka ba kamar yadda ya kamata ya sauka yayin da ƙanƙara ke cin sa. Ya ce, "Rufe famfon bango." Na rufe. Cikin ɗan lokaci zaren ruwan ya yanke. Bawul ɗin shiga ne. Ruwan ɗumi yana ta silalowa cikin kwami, yana ture wanda injin ya riga ya sha wahalar sanyayawa zuwa magudana.

Na lissafa a gabansa. Kusan lita ɗaya da rabi a kowane zagaye, daga digiri 28 zuwa kusan sifili, wajen kilojul 170 ke nan, a kan 990 da faifan ke buƙata. Kashi ɗaya cikin shida na aikin kwamfaresa a rariya ake zuba shi. Muka gwada zagaye guda, kwami ya cika na rufe famfo da hannu: daskarewa 19 da rabi.

Ya kwance bawul ɗin. 'Yar rariyar bakinsa cike da yashi, robar da ke rufewa ta bushe ta tsage a gefe. Ya wanke ya mayar, yoyon ya ragu amma bai tsaya ba. Sai sabo. Na ba da oda.

22 zuwa 25 ga Maris

Jira. Ana samun 133 zuwa 135. Na wanke rariyar iska, ta riga ta fara yin ƙura.

26 ga Maris

Bawul ya iso, kuma ba namu ba ne. Jikinsa iri ɗaya, zaren bakinsa iri ɗaya, amma koyil ɗinsa na bolt 120 ne, namu kuwa 230. Malam ne ya gano kafin a ɗaura, ya jera su biyu ya nuna mini rubutun. Da an sa shi da koyil ɗin ya ƙone, wataƙila ya ja allon sarrafawa su tafi tare. Laifin rabi nawa ne, domin hoton bawul ɗin na aika, ban aika lambar samfurin injin da lambarsa ta kansa ba. An yarda za a musanya, kuɗin aikawa a kaina. Daga yau duk odar da zan bayar da hoton allon bayani za ta tafi.

31 ga Maris

Na daidai ya zo. Minti ashirin aka ɗaura shi. Tiyo a kofi har ƙarshen daskarewa, kofin a bushe. Zagaye minti 21, kilo 151. Kuɗin bawul ɗin bai kai na ƙanƙarar da muke saya a kwana biyu ba.

3 ga Afrilu

Tun ranar 21 Malam ya ce fankar kwandensa ba ta yi masa ba, tana jinkirin tashi. Ni ban ji komai ba, kunnena ya saba da ita. Yau ya zo da ma'auninsa, ya kashe wuta, ya sauke cajin kafasita, 'yar na'urar da ke taimaka wa fanka tashi, kafin ya taɓa ta, ya auna. An rubuta maikirofarad 5 a jikinta, 3.1 ta nuna. Ya sa sabuwa. Fankar ta tashi nan take, ƙararta ta sauya. Daskarewa 18, saki ɗaya da rabi, kilo 162, da iska 34 da ruwa 28. Ya shiga cikin abin da jadawalin littafin ya ce.

Na tambaye shi ko wahalar kwana biyun nan ta taɓa kwamfaresa. Ya auna wutar da take ja, tana cikin iyakar da aka rubuta. Ya ce makarin matsi ya yi aikinsa, ni ma na kyauta da na zare filogi. Ya ce in ci gaba da auna zagaye duk mako, idan lokaci ya fara tsawo ba tare da zafin ɗaki ya ƙaru ba, in kira shi kafin in kira kowa.

4 zuwa 7 ga Afrilu

160, 163, 158, 161. Ranar 158 iskar ɗaki ta kai 36. Ba mu sayi ƙanƙara ba ko sau ɗaya.

8 ga Afrilu

Da na buɗe da safe injin shiru, gabana ya faɗi. Na ɗaga murfin rumbu, ƙanƙara har baki, labule a tokare da ƙwayoyi. Na ɗebi bokiti biyu, ya tashi da kansa.

Jimillar abin da aka saya: maganin wanki kala biyu, soson naɗe bututu, bawul ɗin shigar ruwa, kafasita, gas giram 680, da zuwan masu gyara, na farko sau ɗaya, Malam sau biyar. Ƙanƙarar da muka saya a tsakani ta fi su duka cin kuɗi.

Da sauran aiki. Robar ƙofar rumbu ta saki a kusurwar hagu, na sa takarda na rufe ƙofar ta zare ba tare da turjiya ba, ƙanƙarar wajen kuma tana mannewa da juna. Na ba da odarta, da lambar samfuri wannan karon. Na biyu, matatar ruwa kafin bawul: mai tare yashi a gaba, mai rage kanta a baya, don kada sabon bawul ɗin ya bi sawun tsohon. Malam ya ce in duba matsin ruwa bayan an ɗaura, kada ya sauka ƙasa da abin da littafin ya ƙayyade, kwami ya riƙa jinkirin cika. Na uku, fankar bango da za ta fitar da zafin ɗakin waje, sai mai ginin ya amince a huda.

Na manna takarda a gefen injin: rariyar iska duk mako biyu, kwandensa duk wata, wankin ciki duk wata uku maimakon shida saboda irin kantar da na gani, tiyo a kofi duk ranar awo. Wankin gaba 10 ga Yuni. Matatar za ta iso ranar 14 ga wannan wata, zan auna zagaye uku kafin a ɗaura ta da uku bayan an ɗaura.